Haƙurin Kunne: Nasiha ga Masu Shirin Jarrabawar Sauraron Turanci

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata waɗanda Allah ya hore muku neman ilimi, ya kuma sanya wa zukatanku himmar ƙetare iyaka domin ƙaro shi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata matsala da na ga tana sa da yawa daga cikinku tuntuɓe, har da waɗanda babu mai shakkar hazaƙarsu, watau jarrabawar sauraron Turanci, wadda jami'o'in Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya, da hukumomin da ke ba da izinin aiki a can, suke gindaya wa mafi yawan masu nufin ƙofarsu. Sau da yawa ɗalibi yakan ci sashen karatu, ya taɓuka a sashen rubutu, amma idan aka zo ga sauraro sai makinsa ya gaza, ya fito yana cewa Turawan nan sauri gare su, ko kuwa kalmomin da ya haddace ne suka yi kaɗan. Alhali kuwa, a ganina, asalin ciwon shi ne doguwar jimla, wadda kunnensa bai saba ɗaukar farkonta ya riƙe har ƙarshenta ya iso ba.

Bari mu fara da sanin siffar abin da za a tarar. Jarrabawar da aka fi zama a ƙasashenmu ita ce IELTS, wadda aka soma a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostareliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij suke tarayya a kanta. Sashenta na sauraro yana ɗaukar kimanin minti 30, tambayoyinsa 40 ne, an raba su kashi 4. Na farko hira ce tsakanin mutum biyu a kan sha'anin yau da kullum, kamar neman ɗakin haya. Na biyu mutum ɗaya ne yake bayanin wani wuri ko wani shiri. Na uku tattaunawa ce irin ta ɗalibai da malaminsu, inda masu magana kan kai huɗu. Na huɗu kuwa lacca ce irin ta jami'a. Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne, sau ɗaya tak ake kunna muryar, abin da ya wuce ya wuce ke nan. Mataki mafi girma shi ne 9, kuma masu jarrabawar sun bayyana cewa, bisa ƙiyasi, amsa 23 daidai tana kai mutum mataki na 6, amsa 30 mataki na 7, amsa 35 mataki na 8. Ku dubi wannan da kyau: tsakanin 6 da 7 tambaya 7 ce kurum, kuma galibi a kashi na uku da na huɗu ake zubar da su, inda jimloli suke tsawo, sharuɗɗa da togaciya suke yawaita. 'Yar'uwar IELTS, watau TOEFL, wadda hukumar ETS ta Amurka take shiryawa, kuma aka fara zamanta a 1964, ita ba ta ma nuna tambaya sai bayan magana ta ƙare, don haka nauyin riƙewa a cikinta ya fi yawa.

Ban ga laifinku ba da kuka iske wannan sashe da wuya, domin tarbiyyar da aka yi mana a makarantun boko ta ido ce. Ɗalibin Nijeriya yakan gama sakandare ya zauna jarrabawar WAEC, a cikinta har da takardar da aka ware domin furucin Turanci, amma a rubuce yake amsa ta, yana zaɓen harufa, ba tare da an kunna masa muryar kowa ba. Turancin da kunnensa ya saba da shi kuwa, na malaminsa da na gidan rediyon garinsu, Turanci ne mai ba kowace gaɓa haƙƙinta, kamar yadda Hausa take yi, inda ba a haɗiye wasali, dogo a ja shi, gajere a taƙaita shi. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace al'umma da irin lafazinta. Sai dai muryoyin da ake kunnawa a jarrabawar na mutanen Ingila ne da Ostareliya da Niyu Zilan da Arewacin Amurka, su kuwa al'adar harshensu ita ce su danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, su murƙushe na tsakani har su kusan ɓacewa; kuma abin da zai ba ku mamaki shi ne, ƙananan kalmomin da ake murƙushewa su ne haruffan da suke ɗaure sassan jimla, suke nuna wane ne ya aikata, yaushe, kuma bisa wane sharaɗi.

Akwai kuma wani dalili wanda ya shafi halittar ɗan Adam baki ɗaya. Masana halayyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum yake iya riƙewa a zuciyarsa nan take ɗan kaɗan ne. George Miller, wani malami Ba'amurke, ya rubuta a 1956 cewa adadin yana wajen abu 7, ko ya ɗara da biyu ko ya gaza da biyu. Nelson Cowan ya zo a 2001 ya ce abin ya fi kusa da 4. Alan Baddeley da abokan aikinsa a Birtaniya kuma suka nuna a 1975 cewa sautin maganar da kunne yake iya ajiyewa bai wuce abin da za a furta cikin kimanin daƙiƙa 2 ba, in ba a maimaita shi ba sai ya dushe. To, mai magana da Turanci yakan furta wajen kalma 150 cikin minti guda. Idan ɗalibi yana karɓar magana kalma bayan kalma, yana juya kowace zuwa Hausa a zuciyarsa kafin ya karɓi ta gaba, lalle kafin ya kai kalma ta goma ta farko ta tsere masa. Misalinsa kamar mai kwasar dawa ne daga gona, wanda idan ya ce zangarniya ɗai-ɗai zai riƙa runguma, kafin ya kai bakin hanya rabi ya zube, amma idan ya ɗaure ta dami-dami sai ya ɗauki mai yawa cikin sauƙi. Ƙwararren mai sauraro ba shi da wata ƙwaƙwalwa da ta fi taku girma. Abin da ya koya shi ne ɗaure kalma shida ko takwas su zama abu guda, sa'an nan ya riƙe abu uku ko huɗu.

Ga wata jimla irin wadda ake ji a kashi na biyu, ku karanta ta a hankali: "The visit to the museum, which we had originally arranged for Tuesday, will now, unless the coach company lets us down again, take place on Thursday." Ma'anarta ita ce, ziyarar gidan tarihi, wadda da farko muka shirya ranar Talata, yanzu ranar Alhamis za a yi ta, sai fa idan kamfanin mota ya sake saɓa mana alkawari. Babu kalma guda a cikinta da za ta gagari ɗan aji uku na sakandare. Amma ku lura, tsakanin fa'ili, watau "visit", da fi'ilin da yake ba da labarinsa, watau "take place", kalma 20 ne suka shiga, cikinsu har da jimla biyu masu ratsawa. Tambayar da ke kan takarda ita ce, wace rana za a yi ziyarar? Mai gaggawa, da jin sunan Talata, sai ya rubuta, ya ɗaga kai yana jiran tambaya ta gaba, ba ya ma jin Alhamis sa'ad da ta wuce. Mai haƙuri kuwa, tun da ya ji "which" ya san an buɗe wata ƙofa ta gefe, da ya ji "originally" ya san abin da ake faɗa an riga an soke shi, da ya ji "unless" ya san togaciya ce, don haka ya ci gaba da riƙe ziyarar a zuciyarsa har labarinta ya iso. Masu shirya jarrabawar da gangan suke gina tambayoyinsu a kan wannan, domin abin da suke aunawa shi ne fahimtar ma'ana.

Yana da kyau ku san wuraren da ginin Turanci ya saɓa wa na Hausa, domin a nan kunnen Bahaushe ya fi yin tuntuɓe. Hausa idan za ta kore abu, sau da yawa takan kafa "ba" a gaba ta kafa "ba" a baya, wanda ya rasa ta farko zai tsinci ta biyu. Turanci kuwa yakan kore magana da ɗan guntun sautin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, har ya zama bambancin "can" da "can't" a bakin mai sauri ya fi dogara ga nauyin murya da siffar wasali. Wani lokaci ma korewar tana ɓoye ne cikin kalma guda, irin "hardly" ko "rarely", wadda jin ta ba ya nuna an kore kome. Hausa takan fara ambaton abu sa'an nan ta jero bayaninsa, mu ce lokutan buɗe laburaren jami'a, tun daga kalmar farko an san zancen lokuta ake yi. Turanci kuwa sai ya jero jami'a da laburare da buɗewa, ya ajiye lokutan a can ƙarshe, wanda ya tsaya a kalmar farko sai ya zaci jami'a ce abin magana. Har wa yau, Hausa ba ta yar da "da" ɗin nan mai haɗa suna da bayaninsa, dole mu ce rahoton da kwamiti ya ƙi; Bature kuwa yana da izinin zubar da nasa, ya ce "the report the committee rejected", suna biyu a jere babu abin da ya raba su, sai kunnen da ya saba. Akwai kuma ginin da malaman nahawu suke kira majahuli, inda ake gabatar da wanda aka yi wa aiki, a jinkirta mai aikin zuwa bayan ɗan harafin "by", kuma laccar jami'a cike take da shi. Waɗannan abubuwa duka kun san su a littafi, wataƙila ma kun ci su a jarrabawar rubutu, amma sanin ido yana da lokacin komawa baya ya sake dubawa, kunne kuwa ba a ba shi wannan dama ba.

Saboda haka nake jan hankalinku game da wata dabara da wasu wuraren lesin suke koyarwa, ta cewa ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin muhimman kalmomin tambaya, ya kasa kunne, duk inda ya ji ɗaya daga cikinsu ya cafke abin da ke kusa da ita. Karanta tambaya kafin a kunna murya wajibi ne, jan layi ma yana da amfani, amma mai dogara ga farautar kalma shi ne ainihin wanda aka haƙa wa ramin, domin sau da yawa kalmar da ke kan takarda ba ita za a furta ba, wata mai ma'anarta za a kawo, idan kuwa an furta ta, to a cikin zancen da aka soke take. Ku tuna kuma da abin da ya sa aka gindaya sharaɗin jarrabawar tun farko. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya tana neman mataki na 7 a sauraro, kuma dalilin a fili yake: 'yarmu da ta tafi aikin jinya za ta tsaya a ɗakin majinyata lokacin miƙa aiki, wata nas da ta gaji ta gaya mata cikin jimla guda cewa a ba majinyaci kaza magani kaza da ƙarfe kaza, sai fa idan hawan jininsa ya sauka ƙasa da kaza. Idan ta ji farkon ta rasa togaciyar, rai ne na ɗan Adam yake cikin haɗari, kuma amana ce da za a tambaye ta a kanta.

Abin da yake ƙarfafa mini guiwa game da ku shi ne, mun gaji sauraro daga magabatanmu, kuma irin wannan horo ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ilimin addini a ƙasar Hausa daga bakin malami ake ɗaukar sa, ɗalibi ya durƙusa a zaure, malam ya karanta ya fassara gaɓa-gaɓa, shi kuma ya maimaita. Duk wanda ya taɓa karanta Ajurumiyya, balle wanda ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik, ya san cewa mubtada'i ba ya cika sai da habari, ko da an jinkirta shi. Ya san cewa idan harafin sharaɗi ya shigo, dole zuciya ta tsaya jiran jawabinsa. Ya san jimla mu'utarila, wadda take ratsa magana ta wuce ba tare da ta sauya asalin hukunci ba. Mahaddata kuma sun san ilimin waƙafi da ibtida'i, sun san cewa tsayawa a inda bai dace ba yana iya juya ma'ana. To, wannan ɗabi'a ta jiran jawabi ita ce kan gaba cikin abin da ake bukata, harshen ne kawai ya sauya. Wanda bai yi karatun zaure ba ma yana da wata baiwa, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kunnen da ya tashi a cikinsa yana jin hawa da saukar murya fiye da yadda mai shi yake zato. Bature idan ya shiga jimla mai ratsawa yakan sassauta murya ya ƙara sauri, idan ya koma kan asalin zance sai ya ɗaga ta. Idan maganarsa ba ta ƙare ba muryarsa takan tsaya a sama, idan ta ƙare sai ta faɗi. Waɗannan su ne waƙafinsa da ayarsa, kuma kuna da kunnen jin su idan kuka mai da hankali.

To, yaya za a yi horon? Ku nemi magana wadda take da murya da rubutaccen matani tare, ku yanki ɗan guntu, minti ɗaya ko biyu ya isa, ku ajiye matanin a gefe kada ku dube shi. Ku saurara sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kamar a ɗakin jarrabawa, ku tambayi kanku abin da aka ce. Sa'an nan ku koma ku nemo jimlar da ta fi tsawo, wadda kuka ji hankalinku ya kuɓuce a tsakiyarta, ku yi mata shifta, irin wadda malamanmu na firamare suke yi mana: a kunna jimlar duka, a tsayar, a rubuta abin da aka kama, a bar gurbi inda aka rasa, a sake kunnawa. Ina jaddada cewa jimlar duka za a kunna kowane karo, domin wanda yake tsayarwa bayan kowace kalma uku yana horar da hannunsa ne kurum, bai horar da riƙonsa ba. Sai kun ga maimaitawa ta daina ƙara muku kome, sa'an nan ku buɗe matanin ku gwada.

A wurin gwadawar nan ne ilimin yake, don haka kada ku yi gaggawar wuce ta. Kowane kuskure ku tambayi asalinsa. Wani kalma ce wadda ba ku taɓa sani ba, wannan mai sauƙi ne, ƙamus zai warware shi. Wani kuwa kalma ce da kuka sani sarai a rubuce amma ba ku gane ta a baki ba, domin an haɗe ta da maƙwabciyarta ko an murƙushe wasalinta. Wannan sai ku sake saurara kuna kallon rubutun, har kunne da ido su yi sulhu. Na uku, wanda shi ne maƙasudin wannan nasiha, shi ne ku ga kun rubuta kusan kowace kalma daidai, amma da za a tambaye ku wa ya yi me, ba za ku iya faɗa ba. Idan haka ta faru, ku yi wa jimlar i'irabi da alƙalami: ku nemo fa'ili ku ja masa layi, ku nemo babban fi'ilinsa ku ja masa layi biyu, ku kewaye duk abin da ya ratsa tsakaninsu, ku yi alama a kan kowane harafi mai juya zance, irin "although" da "whereas" da "however". Za ku ga cewa jimlar da ta yi kama da daji ƙashin bayanta kalma biyar ne ko shida, sauran duka ratsi ne da ƙarin bayani. Ku tanadi littafi guda domin irin waɗannan jimloli, kowace da ranar da aka yi ta da irin kuskuren da aka yi a cikinta, domin bayan 'yan makonni littafin nan zai nuna wa kowannenku inda rauninsa yake, kuma raunin wani ba shi ne na wani ba.

Bayan hannu sai harshe. Ku karanta jimlar da ƙarfi, kuna tsayawa inda mai maganar ya tsaya, kuna danna inda ya danna, kuna sassautawa inda ya sassauta. Sa'an nan ku rufe littafin ku kunna muryar ku riƙa bin bakinsa, kuna biye da shi da tazarar kalma biyu ko uku, har ku iya kai ƙarshe ba ku sarƙe ba. Manufar wannan ba ta sauya lafazinku ku zama Turawa ba ce. Hikimar ita ce, ginin da harshen mutum ya saba furtawa, kunnensa yakan riga ya tsammace shi kafin ya iso. Idan kun yi wannan, sai ku faɗi ma'anar jimlar da Hausa cikin taƙaitattun kalmomi, kamar tafinta a gaban alƙali, wanda ba a yarda ya ƙara ko ya rage ba. Wannan ita ce shaidar fahimta, kuma a nan ne gurbin Hausa yake, bayan an gama ji. A lokacin da ake cikin sauraro kuwa fassara a zuci nauyi ce da take cinye ɗan wurin ajiyar da muka ambata.

Akwai wani horo da nake ƙauna ƙwarai, domin yana koyar da haƙuri kai tsaye. Ku ɗauki sabuwar magana, ku tsayar da ita a tsakiyar doguwar jimla, ku tambayi kanku me ake bin mai maganar bashi. Idan ya fara da "although", ana bin sa zancen da zai saɓa wa na farko; idan ya ambaci fa'ili ya shiga bayani, ana bin sa fi'ili; idan ya ce "not only", ana bin sa ƙari. Ku yi hasashe, ku saki muryar, ku ga ko kun dace. Haka kuma ku riƙa gina naku jimlolin da baki, ku fara da gajera, ku ƙara mata dalili, ku ƙara mata sharaɗi, ku cusa mata ratsi a tsakiya, har ta kai kalma ashirin ko talatin ba ta karye ba. Abokai biyu suna iya yin wannan tare, ɗaya ya gina ɗaya ya warware, amma kada karatun aboki ya maye gurbin muryoyin asali, tun da lafazinsa irin naku ne, ba zai wahalar da kunnenku ba.

Game da abin da za a saurara, Allah ya sauƙaƙa wa zamaninku abin da ya tsananta wa na gabanku, waɗanda sai sun juya akwatin rediyo suna neman tasha cikin ƙara. Mai farawa yana iya somawa da shirye-shiryen koyon Turanci irin wanda Muryar Amurka ta ƙirƙiro a 1959, mai amfani da kalmomi kimanin 1,500, ana karanta shi da kashi biyu cikin uku na saurin magana. Amma kada ya daɗe a nan, domin jimlolinsa gajeru ne da gangan. Mataki na gaba da nake so ku gwada shi ne jawaban marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, aka kuma yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Jawabinsa na ranar 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, da wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin wannan wata, jimlolinsu dogaye ne, amma yana furta su da natsuwa, waƙafinsa a bayyane, har mai koyo yana iya jin inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare. Daga nan sai laccocin Reith na BBC, waɗanda Bertrand Russell ya buɗe a 1948, Ali Mazrui ya gabatar a 1979, Wole Soyinka kuma a 2004, kuma akwai muryoyi da matani na da yawa daga cikinsu. Littattafan tsofaffin tambayoyi da Kambirij take bugawa suna ɗauke da matanin kowace murya a bayansu, kuma su ne mafi kusa da abin da za ku tarar. Nasihata ita ce, bayan kun amsa tambayoyin kun duba maki, kada ku rufe littafin, ku koma ga kowace tambaya da kuka faɗi ku nemo jimlar da ta kayar da ku, ku yi mata duk abin da muka bayyana.

Kallon fina-finai da rubutu a ƙasan allo hutu ne mai ɗan amfani, amma kada a lissafa shi cikin karatu, gama ido ne yake aikin, kunne yana hutawa. Rage saurin murya a waya halal ne ga jimlar da ta gagara, da sharaɗin a mayar da ita saurinta na asali kafin a tashi. Wanda data take yi wa tsada ya sauke guntaye kaɗan lokacin da ya samu hali, domin wannan hanya ba ta bukatar yawa. Jimla uku ko huɗu da aka yi wa cikakken aiki a zama guda sun wadatar. Ku zaɓi lokacin da zuciya take sarari, bayan sallar asuba ya fi ga mafi yawan mutane, ku ba shi rabin sa'a kullum, ku sa iyafis domin ƙananan sautuka su fito, amma wani lokaci ku saurara a lasifika, tun da ba a kowane ɗakin jarrabawa ake samun abu iri ɗaya ba. Kuma kada ku manta da muraja'a. Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Alarammominmu da suke tilawa kullum sun riga sun san haka a aikace. Jimlar da kuka yi yau, ku sake sauraron ta gobe ba tare da matani ba, ku sake bayan mako, ku sake bayan wata.

Idan ranar jarrabawa ta zo, ku yi amfani da ɗan lokacin da ake bayarwa kafin kowane kashi ku karanta tambayoyin, ku san ko suna ake nema, ko adadi, ko dalili. Idan kun ji abin da ya yi kama da amsa, ku rubuta shi da sauƙin hannu amma ku bar kunnenku a buɗe har muryar mai magana ta faɗi, domin gyara yakan zo a ƙarshe. Idan wata jimla ta kuɓuce muku duk da haka, ku sake ta nan take ku kama ta gaba, gama tambayoyin suna bin tsarin maganar ne bi da bi, kuma mai tsayawa juyayin tambaya ɗaya yakan rasa uku. A IELTS ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka kada ku bar gurbi fayau. Wanda ya zauna ta a takarda ana ƙara masa minti 10 domin ya kwafe amsoshinsa, wanda ya zauna ta a kwamfuta kuwa minti 2 yake samu na dubawa. A cikin wannan lokaci ku tabbatar ba ku wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade ba, ku duba harufan kowace kalma, ku duba harafin jam'i a ƙarshen suna, domin amsar da aka ji daidai aka rubuta ta da kuskure ba a ba ta maki.